Faifan taurari: shawara kan abin da za mu kira galaksi mai murɗe

1/
Salamu alaikum, masu neman kalma. Ga jimlar da nake so mu iya faɗa wa ɗan sakandare ba tare da mun tsallaka Turanci ba: a unguwarmu ta sararin samaniya akwai manyan spiral galaxy guda uku, Andiromeda ce babba, namu na bi mata, Tirayangulum ne auta. Duk jimlar ta samu Hausa, ban da kalmomi biyun nan, masu nufin babban taron taurari biliyoyi mai siffar murɗe, irin wanda ranarmu ke ciki. Ina da shawara, amma bari in fara da waɗanda aka riga aka kawo.

2/
An kawo tarin taurari, rukunin taurari, gungun taurari, damin taurari. Matsalar ukun farko ɗaya ce: Kaza da 'Ya'yanta ma gungu ce, tari ce, rukuni ce. Amma taurarinta ba su wuce dubu da 'yan kai ba, kuma a cikin gidanmu take, nisanta tafiyar haske ce ta shekara 440 ko kusa da haka. Abin da muke nema wa suna kuwa yana ɗauke da taurari biliyoyi, har da ita Kazar a cikinsa. In muka ba su suna ɗaya, yaro ba zai san wane ne ya haɗiye wane ba. A bar wa Kaza da ire-irenta gungu.

Dami ya fi su, domin dami ɗaurarre ne, galaksi ma ƙarfin jan nauyi ne ya ɗaure shi. Malam da ya kawo wannan, Allah ya ƙara basira. Sai dai dami doguwar siffa gare shi, kuma mai jin kalmar ba zai taɓa kawo abu mai faɗi mai juyawa a ransa ba.

3/
Ga babban sunan, ni dai ban ga laifin aro ba. Mu ce galaksi, jam'i galaksoci in kunne ya karɓa, kamar yadda muka karɓi kwamfuta muka zauna lafiya. Su ma Turawan aro suka yi daga Girkanci, inda asalin kalmar ke nufin madara. Larabawa na cewa majarra. Inda nake so mu yi aiki shi ne sunan wannan nau'in mai murɗe, domin siffarsa ce ke sa a iya gwada faɗin wani da na wani.

4/
Shawarata: faifan taurari. Jam'i, faya-fayan taurari.

Ku dubi faifai na ainihi, na kaba, wanda ake rufe ƙwarya da shi. Daga cibiya ake fara ɗinkinsa, a yi ta kewayawa ana fita waje har a kai baki. Ga faɗi, ga rashin kauri, ga murɗe da ke tasowa daga tsakiya. Galaksin da muke ciki faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 100,000, amma kaurin inda yawancin taurarinsa suke kusan 1,000 ne kawai. Wato ɗaya bisa ɗari. Da za a mai da shi faifai mai faɗin santimita 30, kaurinsa milimita 3 zai zama, sai dai cibiyar ta ɗan yi tudu. Ban san wata kalma a Hausa da ta haɗa siffofin nan uku a wuri ɗaya kamar wannan ba.

Kuma kalmar ta saba ɗaukar sabon kaya. Ta ɗauki na garmaho, ta ɗauki na bidiyo, ba wanda ya yi ƙorafi.

5/
Kafin mu ci gaba, ma'aunin nisa. Ana cewa shekarar haske, wasu kuma su ɗauka lokaci ake nufi. Bahaushe dama da lokaci yake auna hanya, ya ce garin tafiyar kwana uku ne. To haka za mu ce: tafiyar haske ta shekara kaza. Haske na cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, a shekara kuwa kusan kilomita tiriliyan 9.46.

6/
Yanzu mu gwada kalmar a bakin aiki.

Andiromeda, wadda ke da lamba M31 a jerin da Bafaranshen nan Charles Messier ya tsara, tana nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5 daga gare mu. Tirayangulum, M33, ya ɗan fi ta nisa, kusan miliyan 2.7 zuwa 3. In faifanmu santimita 30 ne, Andiromeda za ta kai santimita 45, Tirayangulum kuma 18. Tsakaninmu da Andiromeda mita bakwai da rabi, tsakaninta da autan mita biyu da 'yan kai. Duka ukun za su shiga tsakar gida ɗaya.

Wannan ya ba ni mamaki da na fara lissafa shi. Taurari sun yi wa juna nisa ƙwarai idan aka dubi girmansu, amma faya-fayai maƙwabta ne na kusa: jera faifanmu sau 25 kawai, ka taɓa Andiromeda.

A lura kuma, faɗi daban, fili daban. Abin da ya fi ka faɗi sau ɗaya da rabi ya fi ka fili sau biyu da kwata. Shi kuwa auta, duk da faɗinsa ya haura rabin namu, filinsa bai wuce sulusin namu da kaɗan ba. A yawan taurari tazarar ta fi haka: Tirayangulum kusan biliyan 40, namu tsakanin biliyan 100 da 400, Andiromeda ana ƙiyasta ta kai tiriliyan guda.

7/
Hajiya ta yi tambaya mai kyau: me ya sa wani wuri a ce faɗin Andiromeda tafiyar haske ce ta shekara 152,000, wani wuri a ce 220,000? Wa ke ƙarya?

Babu mai ƙarya, Hajiya, kuma a nan ne kalmar tawa take da rauni. Faifan kaba yana da baki, inda mai ɗinki ta naɗe ta ƙulle. Faifan taurari ba shi da baki. Taurari suna raguwa ne a hankali, haske na dusashewa, har a kai inda ba za ka iya cewa nan ne ƙarshe ba. Don haka masana falaki suka yi yarjejeniya: su zaɓi wani mizani na dusashewar haske, su ce iyaka ke nan. Da wannan mizanin Andiromeda ta kai kusan 152,000, namu kusan 87,000 (100,000 ɗin da na yi amfani da shi a baya ƙiyasi ne na gama-gari), Tirayangulum kusan 61,000. A 2005 kuma aka yi amfani da manyan na'urorin hangen nesa na Keck da ke Hawai, aka gano cewa taurarin da ke warwatse can gefen Andiromeda suna juyawa tare da faifan, wato nasa ne. Da aka lissafa da su, faɗin ya kai 220,000.

Kuskuren da na fi gani a rubuce-rubuce shi ne a ɗauko 220,000 na Andiromeda a ajiye kusa da 100,000 namu, a ce ta ninka mu fiye da sau biyu. Ma'auni biyu ne daban aka haɗa. Namu ma yana da taurarin gefe da suka zarce 100,000 ɗin. Duk mai rubuta wannan da Hausa ya faɗi wane bakin yake nufi, mai haske ko mai dusashe.

8/
Akwai wata wahalar. Andiromeda daga waje muke kallonta, namu kuwa a cikinsa muke zaune, tafiyar haske ta shekara kusan 26,000 daga cibiya, ƙura da iskar gas sun tare mana gani. Wannan farin zanen da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda Turawa ke kira Milky Way, faifanmu ne muke gani ta gefe. Shi ya sa alƙaluman namu suka fi na maƙwabta rawa.

Ita ma Andiromeda ba fuska da fuska take kallonmu ba. A karkace take sosai, shi ya sa a hoto ta yi kama da dogon ƙwai. Tirayangulum ya fi buɗe mana fuska, rassansa sun fi fitowa.

9/
Girman abin da ke sama ya rataya ne a kan nisansa, kuma tarihin Andiromeda ya nuna haka. Abdurrahman al-Sufi, masanin falaki na ƙasar Farisa, ya ambace ta a littafinsa na taurari wajen shekarar 964, ya siffanta ta da ɗan gajimare. A 1845 Lord Rosse, da katafariyar na'urarsa a Ayalan, ya fara ganin siffar murɗe a jikin wani irin wannan gajimaren, M51. Amma har zuwa 1920 manyan masana a Amurka suna muhawara: waɗannan abubuwa a cikin galaksinmu suke, ko kuwa duniyoyi ne masu zaman kansu?

Edwin Hubble ne ya raba gardamar. A 1923, a dutsen Wilson da ke Kalifoniya, ya gano a cikin Andiromeda wani irin tauraro mai ƙara haske yana ragewa a kan ƙa'ida. Henrietta Leavitt ta riga ta nuna cewa tsawon lokacin wannan bugun yana bayyana ainihin hasken tauraron, daga nan kuma a san nisansa. Hubble ya samu nisan tafiyar haske ta shekara kusan 900,000. Ya isa ya nuna a waje take, amma ya gaza ainihin nisan ƙwarai, don haka shekaru da dama ana ganin kamar namu ya fi ta girma. Sai a 1952 Walter Baade ya nuna cewa irin taurarin nan kashi biyu ne aka cakuɗa, nisan ya ninka, faɗinta ma ya ninka. Ita tana nan yadda take, lissafin ne ya gyaru.

10/
Kada kuma mu bari "ta fi girma" ta zama "ta fi nauyi". Yawancin nauyin galaksi ba na taurari ba ne, na wani abu ne da ba ya haske, ba a ganinsa sai dai a gane shi ta yadda yake jan sauran. In aka haɗa da shi, faifanmu da Andiromeda sun kusa yin kai ɗaya, kowanne wajen nauyin rana sau tiriliyan guda. A baƙin ramin cibiya kuwa, wato dunƙulallen abin nan da ko haske ba ya kuɓuce wa jan nauyinsa, ta yi mana fintinkau: namu nauyin rana sau miliyan 4, nata ya haura miliyan 100. Hausa na da faɗi, fili, kauri, nauyi, yawa. Mu yi amfani da su, mu daina jibga komai a kan girma.

11/
Ƙanina da ya ce in aka ji faifan taurari za a zaci faifan bidiyon taurarin fim ne, ka sa ni dariya, kuma da gaskiyarka. Amma yaushe rabonka da sayen faifai? Komai ya koma waya. Kuma tauraro ma ai ma'ana biyu gare shi tun tuni, ba wanda ya taɓa ruɗewa a ajin kimiyya. An ba da faifan falaki a madadinsa. Yana da daɗin faɗa, sai dai bai gaya wa mai karatu abin da ke cikin faifan ba.

Wani ya kawo guguwar taurari. Ta kama juyawar, amma guguwa a tsaye take, kuma tana zuwa ta wuce. Rana kuwa sai ta yi shekara fiye da miliyan 200 kafin ta kewaya cibiyar faifanmu sau ɗaya.

12/
Mai son gani da idonsa: a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, tsakiyar Nuwamba wajen ƙarfe tara na dare, Andiromeda tana can sama sosai ta ɓangaren arewa. A fita bayan gari, daren da babu wata kuma hazo bai yi yawa ba. Ɗan dusasshen tabo za a gani, cibiyar ce kawai. Da ido na iya ɗaukar duk faifan, da tsawonsa ya kai faɗin cikakken wata sau shida. Tirayangulum ya fi wuyar gani, gara a nemi tabaron hangen nesa.

13/
To ga jimlar farko da sabon kaya: a unguwarmu akwai manyan faya-fayan taurari uku, Andiromeda ta fi faɗi da yawan taurari, namu na bi mata, Tirayangulum ne auta. In babu mai ja, mu fara amfani da shi.

Saura aiki ɗaya. Namu faifan yana da wani miƙaƙƙen jerin taurari da ya ratsa cibiyarsa, rassan kuma daga bakunansa biyu suke tasowa, kuma masana sun ware wa masu wannan siffar suna na daban. An ce faifai mai sanda, an ce mai gungume. Ni sanda ta yi mini siriri, gungume kuma ya yi kauri. Malamai, a taimaka.