Steve Tikolo gwarzo ne ko dai sa'a ce?

Baban Hanif: Jama'a abin nan yana ci min rai. Kullum a gidan nan sai Arsenal da Madrid. A 2022 aka ɗauko Steve Tikolo, tsohon ɗan wasan kurket na Kenya, ya horar da 'yan kurket ɗin Najeriya, amma ko mutum ɗaya bai taɓa ambatonsa ba. Mutumin da ya buga gasar kofin duniya ta kurket sau biyar, daga 1996 zuwa 2011, ya kai Kenya wasan kusa da na ƙarshe a 2003 yana kyaftin. Gwarzon Afirka ne wallahi.

Ɗan Fagge: Gwarzon Afirka? To Jacques Kallis fa, Afirka ta Kudu a Turai take?

Baban Hanif: Malam, Afirka ta Kudu suna da kuɗi da filaye. Kenya da me ta je?

Injiniya: Ni kalmar gwarzo ce ban yarda da ita ba. A 2003 New Zealand ƙin zuwa Nairobi suka yi saboda tsaro, aka ba Kenya maki a sama. Banza ce ta faɗi.

Maman Ilham: Sri Lanka da suka doke a Nairobi, ita ma a sama aka ba su? Da Zimbabwe?

Injiniya: Hajiya, Collins Obuya, mai jefa ƙwallon Kenya, shi ne ya fitar da 'yan wasan Sri Lanka biyar daga wasa a ranar, ba Tikolo ba.

Maman Ilham: Wa ya miƙa masa ƙwallon? Ba kyaftin ba?

Ɗan Fagge: Kocinsu ma Ba'indiye ne, Sandeep Patil. Har fim ya taɓa fitowa.

Sarkin Gida: Kai haba! Wane fim? Jarumi ne ko bos?

Baban Hanif: Don Allah a bar maganar fim.

Injiniya: Gwarzo shi ne wanda ya ɗaga kofi. Indiya ta lallasa su a wasan kusa da na ƙarshen a Durban, magana ta ƙare.

Sarkin Gida: In sai da kofi ake zama gwarzo, ku 'yan Arsenal shekara nawa kuka yi kuna jira?

Injiniya: Kar ka sako Arsenal a nan. Kai da ko sandar kurket ba ka taɓa riƙewa ba.

Sarkin Gida: Na yi langa, na yi ƙwallon robar unguwa. Kai a ina ka riƙe?

Baban Hanif: Na kawo maganar horar da yaranmu, ba wanda ya taɓa ta.

Ɗan Fagge: Yaya, ka fara nuna mana filin kurket a Kano tukuna.

Maman Ilham: Tunda ni ce admin, ga taƙaitawa: kowa ya amince Tikolo gwarzo ne, in ban da Injiniya, shi kuma haushin Arsenal ne ke damunsa. Na rufe.

Injiniya: Yaushe kowa ya amince?