Datse kwanson harsashi kafin a sake cika shi

Abin da masu sake cika harsashi suka fi yin ittifaƙi a kai shi ne, kwanson tagulla yana ƙara tsawo duk lokacin da aka harba shi aka kuma matse shi ya koma girmansa. Idan ya wuce kima, bakinsa zai cushe a ƙarshen mazauninsa cikin bindiga, ya shaƙe kan harsashin. Daga nan matsin albarushi ya hau fiye da yadda aka tsara. Wannan ba abin wasa ba ne, fuskar mutum tana dab da wurin.

Don haka sai an matse kwanson tukuna a auna, sannan a datse. Ga harsashi samfurin .308 Winchester iyakar tsawon kwanso inci 2.015 ce, ana mayar da shi 2.005, ga samfurin .223 Remington kuwa 1.760, a mayar 1.750. Bayan datsa a goge kaifin bakin ciki da waje.

An ɗan saɓa kan sau nawa za a datse kwanso ɗaya. Ni dai ina tare da masu cewa a riƙa duba gindinsa: tagullar da ake yankewa daga can take gangarowa, don haka wurin yana sirancewa, kuma da zarar zobe mai ƙyalli ya bayyana a wurin, a jefar da kwanson.