Mawaƙan siyasa da kwatar layinmu

Sani Rigasa: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Kwatar layinmu ta cike, ruwa har cikin zaure, amma jiya wata mota ta wuni tana zagaya unguwa da lasifika, mawaƙi na yi wa wani ɗan siyasa kirari wai ya gyara mana gari. Ba wanda ke rera halin da talaka yake ciki. Duk sun koma maroƙa, wanda ya biya shi ke da baiti.

Hajiya Binta: Wa'alaikumus salam. Sani, ka janye kalmar maroƙa. Kakana makaɗin fada ne a Zariya, bai taɓa miƙa wa kowa hannu a titi ba.

Malam Idi: Hajiya, a yi haƙuri, ba zagi ba ne. Tun asali makaɗi da sanƙira da ɗan ma'abba duk maroƙa Bahaushe yake ce musu. Roƙo sana'a ce, bara daban.

Hajiya Binta: Malam, a littafi ka gani. Mu a gida muka tashi muka tarar. Sarki ne ya ba kakana gida da doki, don ya san darajarsa.

Yusuf Kawo: Maroƙi ake zaɓa? Shata ya yi kansila a Kankiya lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, kafin a raba a 1987. Namu ne ya nuna hanya.

Abba: Naku a ina? Shata ɗan Musawa ne, a Funtuwa ya zauna. Ku mutanen Kaduna komai sai ku ce naku.

Yusuf Kawo: Kai da kake cin abinci a Kasuwar Barci shekara da shekaru, yau ka tuna da Katsina?

Abba: Yaya Yusuf, ban zage ka ba.

Nura: Ku bar wannan. Ko a ce maroƙi ko a ce mawaƙi, waƙoƙin Rarara sun shiga ƙauyukan da fasta ba ta kai ba a 2015. Ga Ali Nuhu, a 2024 aka ba shi shugabancin hukumar fina-finai ta ƙasa. Ashe ana damawa da su.

Maryam: To me ya sauka a tukunyar talaka? Sa'adu Zungur ya rasu tun 1958, har yau ana karanta shi, domin ya faɗa wa masu mulki gaskiya. Aminu Ala kuwa an kama shi a Kano a 2019, nawa ne cikinku suka buɗe baki?

Nura: Anti Maryam, mun san jam'iyyarki. Da naku ne ake yi wa waƙar, da har rawa kin taka.

Sani Rigasa: Jama'a, maganar kwata fa nake yi.

Hajiya Binta: Sai ka janye tukuna.

Malam Idi: To, lokacin Magariba ya yi. Abin da na fahimta, akasari an yarda maroƙi ba zagi ba ne, kamar yadda na bayyana tun farko, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe hakan. Batun Shata a bar shi zuwa wani lokaci.

Hajiya Binta: Su wa suka yarda? Ni dai ban yarda ba, Malam.