Suga ya sauka: in bar ƙwayar? Kuma ina labarin fura?

Baban Rakiya, Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan Tawa, shekarata 51, kuma wata huɗu ke nan da aka ce ina da ciwon suga, nau'i na biyu. Abin ya faro da ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari sau biyar sau shida kafin asuba, ga ido yana hazo har zura zare a allura ya soma gagara ta. Na ɗora wa zafin watan Afrilu. Sai ranar da wandona ya soma zamewa na farga: ni da nake wuni awon ƙugun mutane, nawa ya zube ban sani ba.

Na tafi likita aka auna ni da safe, ban sa komai a baki ba, aka samu 2,40, wato giram na sukari a kowace litar jini. Bayan kwana biyu aka sake, 2,25. Lokotoro ya ce daga 1,26 zuwa sama ciwo ne. Ya rubuta mini ƙwayar metformine 850, ɗaya a rana, daga baya ya mai da biyu, safe da dare. Makon farko cikina ya yi ta juyi, har sai da aka ce in riƙa haɗiya a tsakiyar cin abinci, sannan ya lafa.

Na bar burodi da shayi mai madara, na bar lemun kwalba. Jiya awon safe ya nuna 1,18. To ga tambayoyina. Tunda ya sauka, ba sai in ajiye ƙwayar ba? Kawuna ya zo daga ƙauye da galan na jiƙo mai ɗaci, ya ce maganin likita in ka saba ba ka rabuwa da shi, kuma ƙoda yake ci. Na biyu, fura. Ni Ba'adare ne, furar rana ita ce abincina tun ina yaro. Lokotoro cewa kawai ya yi "rage", layi ya yi tsawo ban samu tambayar nawa ne ragin ba. Ga kuma shayin fada bayan isha'i, wanda in ka ƙi karɓa sai a ce ko an yi maka laifi.

Hajiya Maman Sani, Bukoki, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da jiki. Shekarata 11 da wannan ciwo, kuma abin da kake shirin yi na riga ka yi. Shekara ta biyu na ga awo ya yi kyau, na ce na warke, na ajiye magani ban gaya wa kowa ba. Ban ji komai ba wata biyu. A na uku ƙaya ta soke ni a yatsar ƙafa, ɗan rauni kamar na wasa ya ƙi warkewa, da aka auna ni sai ga 3,10. Allah ya taimake ni yatsar ta tsira. 1,18 ɗin nan da kake gani, da ƙwayar a jikinka ka same shi.

Maganar fura kuwa, kada ka tsaya jin ta bakin kowa, har ni. Jininka za ka tambaya. Ka samu na'urar awo ta gida, ka auna kafin ka sha, ka sake aunawa bayan awa biyu. Ni da na yi haka, furar kan hanya da ake zuba wa sukari ta kai ni 2,60. Wadda nake damawa da kaina, dunƙule ɗaya ƙarami, nono mai yawa, ba sukari, tana tsayawa wajen 1,70. Kunu ya fi fura cutar da ni, saboda ruwa-ruwa ne, nan take yake shiga jini. Abin da ya zame mini rufin asiri shi ne dambu wanda zogale ya fi gari yawa, da wake, da miyar kuɓewa ko kuka mai kauri a kan tuwo gwargwadon dunƙulen hannuna. Shinkafa da wake ma na juya ta, ta koma wake da shinkafa.

Tsinken awo akwai tsada, na sani. Ba kullum ba ne. Abinci biyar ko shida da ka fi ci za ka gwada sau ɗaya ɗaya, ka rubuta a littafin da kake rubuta awon masu ɗinki. Kuma kada ka bar gwangwanin tsinken a shago cikin zafi, lalacewa yake.

Ɗan Konni

Baba, ku bi maganar kawunku. Ɗaci shi ke kashe zaƙi, haka muka taso muka tarar. Shayi kuma ku sa zuma maimakon sukari, ai zuma waraka ce.

Tsohon majo, Yamai

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, bari in ɗora a kan ta Hajiya.

Metformine ba ta kashe ƙoda. Abin da ke cin ƙoda shi ne suga da ya daɗe a sama, musamman in ya haɗu da hawan jini. Inda maganar kawunku ta samo asali shi ne, ƙoda ce ke fitar da wannan magani daga jiki, don haka in ta riga ta raunana akan rage shi ko a tsayar. Shi ya sa ake awon ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Aikin ƙwayar kuwa, tana hana hanta zubo sukari da yawa cikin jini, tana kuma sa jiki ya fi jin insulin ɗin da yake yi da kansa, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini. Ranar da amai ko gudawa mai tsanani ta kama ku har ba ku iya shan ruwa, ranar ce za ku nemi lokotoro da gaggawa, don a irin wannan hali akan dakatar da ita na ɗan lokaci.

Awon safe guda ɗaya ba ya yanke hukunci. Ku ce a yi muku HbA1c, shi ke nuna yadda suga ya zauna a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin mutane ana son ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Awon safe ana son 0,80 zuwa 1,30, bayan cin abinci da awa biyu ƙasa da 1,80. Akwai waɗanda ake rage wa magani, har a ɗauke, galibi masu ƙiba da suka sauke nauyi sosai a shekarun farko. Amma da takardar awo a hannu ake yin wannan, a gaban wanda ya rubuta maganin. Ramar da kuka yi kafin a gano ciwon ba irin wannan ba ce, sukari ne jiki ke zubarwa a fitsari.

Ɗana na Konni, zuma alheri ce, amma mafi yawanta sukari ne, kuma na'ura ba ta bambanta ta da na ƙwara. Haka dabino. Jiƙo kuma matsalarsa ba a san ƙarfinsa ba, na yau daban na gobe daban. Na sha karɓar mutanen da suka bar magani suka koma galan, aka kawo su ranga-ranga.

Abu ɗaya ku riƙe don gaba. Metformine ita kaɗai ba ta cika faɗar da suga ba, amma in wata rana aka ƙara muku ƙwayar glibenclamide ko gliclazide ko allurar insulin, to tsallake abinci haɗari ne. Rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa da jiri, ko awo ƙasa da 0,70: ku sha ƙwarar sukari uku a ruwa, ku sake awo bayan minti 15. Kafin azumi kuma ku koma a daidaita muku lokutan sha. Ku da kuke wuni zaune kan keke, tafiyar minti 30 a ƙafa kwana biyar a mako magani ce ita ma. Ku duba ƙafafunku kullum, ku tsane tsakanin yatsu bayan alwala, kada ku taka rairayi mai zafi ba takalmi. Ido kuma a duba shi sau ɗaya a shekara, bare ku da ido ne jarinku.

Baban Rakiya, Tawa

Hajiya, Majo, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana goma don ina gwaji. Na ari na'urar wani maƙwabcina direba, na sayi tsinke nawa da allurar tsira yatsa.

Furar da na saba saye, ta dala ashirin da sukarinta: 1,25 kafin, 2,45 bayan awa biyu. Na zauna ina kallon lambar kamar an aiko mini da sammaci. Washegari uwargida ta dama mini rabin dunƙule da nono ba sukari, na fara da kwaɗon zogale da ƙuli, aka samu 1,75. Da farko na ji ta salam, yanzu har tsamin nonon nake ji, wanda da sukari ya rufe shi.

A fada na faɗa musu gaskiya. Yanzu mai dafa shayi yakan tsiyaya mini na fari kafin ya zuba sukari, na biyu da na uku kuma sai in bar musu. Sun sa mini suna Alhaji Ɗaci. Mutum biyu cikinsu sun ja ni gefe suna tambayar inda ake awo, ɗaya ma ya ce shi ma dare bai barinsa barci saboda fitsari.

Ƙwaya ina sha, kuma ranar Litinin zan koma a yi mini awon wata ukun da na ƙoda. Saura kawu. Galan ɗinsa na nan bayan ƙofa ban taɓa ba, ya kuma aiko cewa yana tafe ranar Lahadi cin kasuwa zai ga inda na kai. Hajiya, ke da kin daɗe a harkar, me kike gaya wa manya in sun kawo nasu?