Muhawara: gudummawar masu kallo kaɗai za ta iya riƙe PBS?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Tun da labarin nan ya fita ake ta kirana ana min jaje wai PBS, tashar talabijin ta jama'a ta Amurka, ta mutu, don kowa ya san yarana a gaban tashar nan suka girma. Ga wanda bai bi ba, a watan Yulin 2025 ɗin nan majalisar Amurka ta janye dala biliyan 1.1 da aka riga aka ware wa CPB na shekara biyu, ita CPB ɗin ita ce hukumar da ta riƙa karɓar kuɗin gwamnati tana rarraba wa tashoshin rediyo da talabijin na jama'a tun 1967, ranar 1 ga Agusta kuma ta fito ta ce rufewa za ta yi. To ni dai abin da na yarda da shi kuma zan faɗa a gaban kowa, masu kallo kaɗai sun isa su riƙe tashar ilimi ba sai da hannun gwamnati ba. Ni kaina dala 5 ake cira a asusuna duk wata zuwa Thirteen, tasharmu ta nan New York, kuma ba ni kaɗai ba ce. Gara ma haka wlh, babu ɗan siyasan da zai sake riƙe musu wuya

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Yaya ki yi haƙuri amma daga cikin New York kike magana. Ni da nake jan tirela ina ratsa Dakota da Montana, sai in yi awa biyu ban ga gari mai mutum dubu ba, wa zai ba da dala 5 ɗin a can? Thirteen tana zaune a birnin da attajirai suka yi yawa, ko an cire kuɗin gwamnati za ta ɗan rame ne kawai. Tashar ƙauye ita ce za ta kwanta

Maman Hanifa: Amma ai su da kansu sun ce kuɗin gwamnati kamar kashi 15 cikin 100 ne na abin da ke shigo musu. Saura fa, daga ina yake zuwa in ba daga mu da kamfanoni da gidauniyoyi ba?

Baban Sadik: Kashi 15 ɗin nan in an haɗa kowa da kowa an raba ne Yaya, kamar a haɗa kuɗin mai shago a Kantin Kwari da na mai tallan goro a ce ga abin da ɗan kasuwa ke samu. Akwai tashoshi a Alaska da yankunan 'yan asalin ƙasar da fiye da rabin kuɗinsu daga CPB ya riƙa zuwa. Kuma a can ba katun kawai suke nunawa ba, su ne masu gargaɗin gobarar daji da ambaliya. Ana cikin muhawarar nan a majalisar dattawa aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.3 a gaɓar Alaska, tashoshin jama'a na cikin waɗanda suka yi ta sanar da mutane su hau tudu, kuma Sanata Lisa Murkowski ta Alaska duk da 'yar jam'iyyar Trump ce ta ƙi jefa ƙuri'ar janye kuɗin. Da 51 da 48 aka wuce da shi, a majalisar wakilai kuma 216 da 213, kin ga ko su ɗin ba su haɗu a kai ba

Auta: Ni fa gsky ban ga abin tada hankali ba. Wa ke zama jiran ƙarfe huɗu ta yi ya kalli shiri yanzu? Komai na YouTube, yaro ya danna ya koyi ABCD da lissafi kyauta. Kuma masu janye kuɗin suna da hujja, sun ce labaran PBS da na NPR, takwararta ta rediyo, sun karkata ɓangare ɗaya, me zai sa a ɗebi harajin mutumin da bai yarda da kai ba a biya ka

Malam na Firamare: Auta zo nan mu yi magana. Shekarata 19 ina koyar da 'yan aji ɗaya da biyu, kuma ina gane yaron da aka miƙa wa waya tun yana goye tun kafin ya buɗe baki, ba ya iya zama minti biyar yana sauraro. YouTube ba don yaro ya koya aka gina shi ba, don ya daɗe yana kallo ne a nuna masa talla, bidiyo ɗaya mai kyau ya ƙare na gaba da zai faɗo Allah kaɗai ya san mene ne. Shi kuwa shirin yaran nan Sesame Street da aka fara ranar 10 ga Nuwamba 1969, kafin a haska shi sai da aka zaunar da masana tarbiyyar yara da marubuta, ana gwada kowane yanki a kan yara a ga inda hankalinsu ke gushewa a gyara. Don 'ya'yan talakawa da ba sa zuwa nazire aka yi shi tun asali. Kuma wa ya biya? Gidauniyar Carnegie da ta Ford da ofishin ilimi na gwamnatin tarayya. Ba a fara shi da kwanon bara ba. Daga baya wasu masana tattalin arziki biyu, Melissa Kearney da Phillip Levine, suka bi diddigi suka gano yaran da ke garuruwan da tashar ke kamawa sosai a lokacin sun fi zama a ajin da ya dace da shekarunsu, abin ya fi fitowa a kan yara maza da na unguwannin marasa ƙarfi. Wannan ba kallon banza ba ne

Auta: Na ji Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma maganar karkata fa ba ka taɓa ta ba

Malam na Firamare: In labarai ne suka karkata a yi faɗa da labarai, me ɗan shekara huɗu mai koyon ƙirga ya yi? Tun a watan Mayun 2025 ma'aikatar ilimi ta soke tallafin Ready To Learn wanda da shi ake shirya wasu shirye-shiryen PBS Kids, wannan ai ba ɗakin labarai aka daka ba, ɗakin yara aka daka

Maman Hanifa: Malam duk abin da ka faɗa a kan amfanin shirin na yarda ɗari bisa ɗari, ni shaida ce. Hanifa ta shiga makaranta tana karanta sunanta, alhali a lokacin ni aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi, in dawo a gajiye in kunna mata PBS Kids in ɗan runtsa hankalina kwance don na san ba za a sako mata tallan alewa ko wani abin kunya a tsakiya ba. Saɓaninmu a kan wa zai biya ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, muddin kana karɓa a hannun gwamnati to duk shekara sai ka je ka durƙusa. Tun 1969 ake wannan abu, Fred Rogers mai shirin yara a talabijin da kansa sai da ya je gaban kwamitin Sanata Pastore yana roƙon kada a zaftare dala miliyan 20. Shekara 56 ana roƙo ɗaya, ba a gaji ba? Ni na fi son a ce tashar tamu ce, shi ya sa duk lokacin da suka ce an kawo shirin nan da gudummawar masu kallo irinku, mun gode, har raina nake jin da ni ake

Baban Sadik: To ai ladan kuturun ba na gwamnati kaɗai ba ne Yaya. Ki tuna 2015 da kuɗi suka yi wa masu Sesame Street ƙaranci, ina suka nufa? HBO. Sabon shiri ya fara fita ga masu biyan kuɗin wata, ɗan talaka a PBS sai ya jira wata tara kafin ya gani. Shirin da aka ƙirƙira don yaron da ba shi da gata ya koma mai gata ne ke fara kallo. Yanzu da suka koma Netflix an dai gyara, rana ɗaya za a riƙa sakewa da PBS, amma kin ga abin da kasuwa ke yi in aka bar mata. Kuma ki lura da satin neman gudummawa, me suke nunawa? Tsofaffin mawaƙa da masu laccar lafiya da ajiyar kuɗi, don dattawa masu abin hannu su ne ke ɗaga waya su bayar. Mai bayarwa shi ake faranta wa, yaro kuwa ba shi da katin banki

Hajiya Babba: Ku yi a hankali 'ya'yana, duk abu ɗaya kuke so. Ni tambaya gare ni, shi kuɗin gwamnatin nan in an raba wa kowane mutum nawa ne?

Baban Sadik: Hajiya barka da dare. Dala miliyan 535 ne a shekara kafin a janye, in aka raba wa 'yan ƙasar bai wuce dala 1 da santi 60 ba kowane mutum a shekara guda. Ko kofin shayi ba zai saya ba a nan. Da shi aka riƙa tallafa wa tashoshi sama da 1,500

Hajiya Babba: Ikon Allah. A kan wannan ake ta rigima

Ɗan Kumasi: Ku bari in sa baki don mu a Gana mun ga ɗaya fuskar. Lasin talabijin sidi 36 ne a shekara in akwati ɗaya gare ka, don a riƙe GBC, tashar gwamnatinmu, amma mutane suka ƙi biya, da aka ce an kafa kotuna na musamman don masu ƙin biya a farkon 2018 ƙasa ta ɗauki zafi har aka janye maganar gurfanarwa. Mutane cewa suke me za mu biya, tashar da ba ma kallo. Abin da ya burge ni a maganar Anti shi ne ba wanda ya tilasta mata, ita ta ga amfani ta bayar. Wannan amana ba a sayenta da doka. To amma Anti ki sani, kin ga amfanin ne saboda an riga an gina abin da kuɗin kowa shekara hamsin kafin ki fara ba da dala 5 ɗinki, da ruwan ciki ake jan na rijiya

Malam na Firamare: Ɗan Kumasi ka taɓo inda ke min ciwo. Mu ma ai mun ɗanɗana, a 2011 aka fara Sesame Square a NTA da Kami da Zobi mai son doya, har na Hausa aka yi daga baya, kuma kuɗin USAID ne, hukumar ba da tallafi ta Amurka. Yau ina USAID ɗin take? Ita ma an rushe ta a 2025. Abin da aka ɗora a kan aljihu ɗaya ko na waye, ranar da mai aljihun ya juya baya shi ke nan. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu aka koma darasi ta rediyo da talabijin, na ga yara a unguwarmu sun kewaye rediyo ɗaya da littafi a hannu, waɗanda iyayensu ba su da kuɗin data. Ranar na ƙara yarda tashar da ake kamawa kyauta da eriya ita ce makarantar wanda ba shi da kowa

Maman Hanifa: Amma ku duba yadda mutane suka tashi tun da aka janye kuɗin, tashoshi da yawa sun ce gudummawa ta ƙaru, kuma manyan gidauniyoyi irin su Knight da MacArthur da Ford sun yi alkawarin kusan dala miliyan 37 don ceto ƙananan tashoshi. Wannan ba jama'a ba ne?

Baban Sadik: Jama'a ne kuma Allah ya saka musu. Yanzu ki ɗora 37 kusa da 535, kuma shi 535 ɗin duk shekara ne. Mutum in ransa ya ɓaci yana bayarwa da zafi wata ɗaya wata biyu, amma injin watsa shiri da ke kan tsauni wuta yake sha kullum, injiniyan da zai hau ya gyara shi cikin ƙanƙara albashi yake jira duk wata. Kuma akwai abin da ba a gani, ƙananan tashoshin nan suna biyan PBS kuɗin shirye-shirye, in suka faɗi asusun da ake yin shirin da Hanifa ta kalla shi ma ya ragu, har ke a New York sai ya taɓa ki

Auta: Wannan na ƙarshen ban taɓa tunaninsa ba gsky. Amma har yanzu ina ganin nan da shekara goma duk ta intanet za a koma

Malam na Firamare: Ko ta intanet ɗin ne sai wani ya biya marubuci da mai bincike Auta, hanyar isowa ce kawai ta canza

Maman Hanifa: Ni dai ban sauka daga kan cewa tashar da jama'arta ba sa sa hannu a aljihu ba ta da tushe ba, ko gwamnati ta dawo da kuɗin gobe ba zan daina bayarwa ba kuma zan ci gaba da yi wa matan unguwarmu magana, da yawa yaransu na kallo ba su ma san ana bayarwa ba. Amma maganar ƙauye ta shige ni, ban taɓa kawo yaron da ke Alaska a raina ba sai yau. Baban Sadik in mutum yana New York zai iya ba tashar wata jiha?

Baban Sadik: Sosai ma, kowace tasha na da shafinta, ki shiga ki zaɓi na wata-wata ba na sau ɗaya ba don shi ne suke iya yin lissafi a kai. In na tsaya shan mai anjima zan turo miki sunayen guda biyu da nake kamawa a hanya. Amma ki kira ofishin ɗan majalisarku ma, kyauta ne kuma suna ƙirga kiran

Maman Hanifa: To turo, zan ƙara dala 5 in raba biyu. Kiran kuma sai Litinin in na taso aiki in sha Allah

Hajiya Babba: Malam in ka samo na Hausan nan na Kami da Zobi ka turo min, jikokina na nan hutu sun ishe ni da waya