Wa za a saurara kafin a ɗauki sabon littafi?

A wata tattaunawa da masu karatun ƙagaggun labarai suka yi kan littattafan zamani, shawarar da aka fi maimaitawa ita ce kada mutum ya dogara da taurarin da ake ba littafi a Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke yin sharhin littattafai, da makamantansa. Tauraro biyar galibi daga masoyan marubucin yake fitowa, tauraro ɗaya kuwa daga wanda ya ɗauki littafin yana zaton wani abu ne daban. Sharhin masu tauraro uku ya fi amfani, domin su ne ke faɗin inda labarin ya yi armashi da inda ya ja ƙafa.

An daɗe ana ja-in-ja kan littattafan da suka ci kyauta, kamar ta Booker da ake bayarwa a Birtaniya tun 1969. Wasu suka ce alƙalai sun fi duba gwanintar harshe da zurfin tunani, saboda haka mai neman labarin soyayya ko na binciken kisa da zai hana shi barci yana iya ƙosawa tun a babi na biyu. Wasu kuma suka ce irin waɗannan ne ke zama a rai shekara da shekaru. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa, ya danganta da abin da ya kai mutum ga littafin.

Aka kuma ce a ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye shi ba tare da jin kunya ba. In fassararre ne, a duba wanda ya fassara.