Sefsis da Hausa: gubar jini ko gobarar jiki?

Jama'a, ina so mu tsayar da kalmar Hausa ga abin da likitoci ke kira sefsis, wato halin da martanin jiki ga ƙwayar cuta ke komawa yana lalata gaɓoɓin jikin. Wadda ta fi yawo a bakin mutane ita ce "gubar jini", wasu kuma su ce "ruɓewar jini". Ban gamsu da ko ɗaya ba, kuma dalilina yana cikin abin da ke faruwa a jikin mara lafiyar.

A ce bakteriya ta samu shiga ta huhu, ko mafitsara, ko wani rauni da ya ƙi warkewa. Masu fara isa wurin su ne nutrofil, waɗanda suka fi yawa a fararen ƙwayoyin jini, don sukan kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100 a jikin baligi. Ɓargo yana fitar da kusan biliyan 100 nasu kullum. Sukan manne a bangon jijiya, su kutsa ta cikinsa zuwa inda cutar take, su haɗiye bakteriyar su narkar da ita. Mugunyar da ke fita idan maruru ya fashe, galibinta gawarwakinsu ne. Ja da zafi da kumburi da raɗaɗin da ke kewaye da marurun kuwa, jijiyoyi ne suka buɗe domin nutrofil su samu hanyar wucewa.

A 2004 Volker Brinkmann da Arturo Zychlinsky da abokan aikinsu a cibiyar bincike ta Max Planck da ke Balin, babban birnin Jamus, suka nuna wani abu da ya wuce haɗiya. Nutrofil yakan fesar da zaren DNA ɗinsa (sinadarin gado da ke cikin ƙwayar) waje, haɗe da sinadarai masu kisa, ya zama tarko, bakteriya ta maƙale. Filatilet, wato gutsattsarin da ke tsayar da jini idan an yanke, sukan taru a kan zaren, jini ya daskare a wurin, ɗan gudajin ya killace cutar kada ta bi jini. Wannan duk alheri ne muddin a wuri ɗaya yake.

Matsalar tana zuwa ne idan abin ya bazu ko'ina a lokaci guda. Ƙananan gudaji su toshe siraran jijiyoyin ƙoda da huhu da hanta. Kayan daskarar da jinin su ƙare saboda an cinye su a can, sai ka ga inda aka yi wa mutum allura yana ta tsiyayar jini ya ƙi tsayawa, alhali a ciki jininsa daskarewa yake yi. Bangon jijiyoyi ya riƙa yoyon ruwa, matsin jini ya yi ƙasa, fitsari ya ragu, numfashi ya yi sauri, mara lafiya ya fara sambatu. Shi ya sa a 2016 masana suka sake fassara sefsis da cewa gazawar gaɓoɓin ciki ce mai iya kisa, wadda martanin jiki ga ƙwayar cuta ya haifar bayan ya wuce gona da iri.

To ina guba a nan? Bahaushe in ya ji guba, makari zai nema, ko ya fara tambayar wa ya ba shi. Ga shi kuma sau da yawa akan gwada jinin mai sefsis ba a samu bakteriya a ciki ba. Ita kuwa "ruɓewar jini" ta bi asalin kalmar ne a Girkanci, inda take nufin ruɓa, amma jini ba ya ruɓewa, kuma dangin da aka gaya wa haka sun riga sun cire rai. An kawo "rikicewar garkuwa", wadda ta fi su kusa da gaskiya, sai dai kunnen mutane ya saba haɗa garkuwar jiki da ƙanjamau, kuma ba na so a jefa mara lafiya cikin wannan zargi.

Ni "gobarar jiki" nake ba da shawara. Gobara daga lungu ɗaya take tashi ta cinye gida, kuma ba wanda ke cewa a bari sai gobe. Wannan gaggawar nake nema, domin maganin kashe bakteriya da ƙarin ruwa da iskar oksijin a sa'o'in farko suke fi ceton rai. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ambata na 2017 sun nuna mutum miliyan 48.9 sun kamu, miliyan 11 sun rasu, kuma kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Tana da rauni ɗaya da ya kamata mu riƙa faɗa tare da ita: gobara tana sa a zaci zazzaɓi, alhali jarirai da tsofaffi jikinsu kan yi sanyi ƙalau.

Ku gwada ta a baki: "Baba, ciwon huhun ya zama gobarar jiki, dole a kwantar da shi yanzu." Ma'aikatan jinya da ke cikinmu, ku faɗa mana ko za ta zauna a bakin gado. In ta zauna, sai mu nemi sunan matakin da matsin jini ke yin ƙasa ya ƙi tasowa ko bayan ƙarin ruwa.